Inna Ta Ce A Nuna Mata Kunnen

Ranar wata Alhamis da sassafe, ina tsaye a kasuwar albasa nan Kumasi ana sauke tirelar da ta kwana tara a hanya daga Galmi, sai uwargida ta kira ni ta ce yarinyar ta sauka lafiya, an samu namiji. Yarinyar da nake faɗi ita ce 'yarmu ta fari. Shekara 27 ke nan ban kira sunanta da bakina ba, kuma ba a wannan rubutun zan fara ba. Na yi hamdala na koma ƙirgar buhu, sai dai na ƙirga sau uku na samu lissafi uku. Maƙwabtanmu Asante da suka ji labari nan take suka raɗa masa Yaw, don haka suke kiran namijin da aka haifa ran Alhamis, mu kuma muka riƙa ce masa Ɗanlami kafin suna. Da ranar ta zo, uban yaron ya yi mini kara, ya sa masa sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Wannan sunan shi ya sa maganar hoto ta tashi daga wasan yara ta zama babbar magana a gidana. Mahaifiyata tana Galmi, ta haura tamanin, an yi mata aikin yanar ido ɗaya, ɗayan kuma sai a hankali. Doguwar tafiyar mota ta fi ƙarfinta. Ni ma tun juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya, ga hanyar Burkina da direbobinmu ke bi rai a hannun Allah, zuwa gida ya zama abin da sai an zauna an yi shawara. Tana da tattaɓa-kunne da yawa a can, amma babu mai sunan mijinta sai wannan. Daren suna ta aiko da saƙon murya ta wayar ɗan ƙanena, ta ce a aiko mata da angonta ta gani. Gani ya kori ji.

Da yake haihuwar fari ce, mai jego tana gidanmu wajen wanka. Autata kuwa, 'yar shekara 17 da ke sakandare, ita ta ɗauki nauyin wannan aiki ba tare da kowa ya ɗora mata ba. Ta zo ta nuna mini hotunan da ta tara daga Instagram. Ga jariri cikin kwando, ga wani rataye cikin ƙyalle a reshen itace kamar jemage, ga wani kuma an kifa shi ya haɗa gwiwar hannu ya zuba tagumi, ido rufe. Na ce, "Wannan kuma wa ya mutu masa?" Don mu dai a gidanmu in yaro ya yi tagumi, buge hannun ake yi. Ta yi dariya ta ce Baba ba ka gane ba ne, yayi ne. Na ce to Allah ya kyauta, na tafi kasuwa.

Kashegarin suna da la'asar na dawo gida da wuri. Mai jego tana bayan gida, uwarta na tsaye kanta da ruwan zafi da ganye. Na ɗaga labulen ɗakin don in leƙa abokina, daidai lokacin da auta ta gama jera shi a kan matashi mai laushi, a kife, ta haɗa masa hannuwa ƙarƙashin haɓa. Hannunta na hagu yana riƙe da kansa, na dama yana riƙe da waya. Sai ta saki kan don ta danna. Kan ya karkace gefe, ya dawo gaba, fuskar ta nutse cikin matashin.

Bai yi kuka ba. Abin da har gobe ke tayar mini da tsigar jiki ke nan. Da ya tsandara ihu da na ce da sauƙi. Shiru kawai, sai ƙafafuwa na motsi. Ban san yadda na tsallake ɗakin ba, na dai ga yaro a hannuna, ya ja numfashi ya ƙwala ƙara, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Duk abin bai kai a ƙirga biyar ba.

Da magariba muka kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta duba wuya ta duba numfashi ta ce babu komai. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana karatu. Ta ce kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, wuyan kuma ba ya iya riƙe shi sosai sai wajen wata huɗu. In fuskarsa ta shiga abu mai laushi, ba lallai ne ya iya fid da ita da kansa ba. In kuma haɓarsa ta danne a ƙirji, hanyar iska tana matsewa, kuma zai iya yin hakan shiru ba wanda ya sani. Shi ya sa ake cewa a kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi.

Ban doki auta ba. Jikinta rawa yake yi fiye da nawa. Abin da ta iya faɗi cikin kuka shi ne, "Baba, wallahi kowa yana yi, na ga ya fi ɗari." Wannan maganar ce ta sa nake rubutun nan, don na san a zangon Kumasi da na Akara da Lome da Kwatano da Yawunde akwai auta irin tawa a kusan kowane gida, da waya a hannu da jariri a ɗaki.

Na kafa doka: ba hoto. Dokar ta kwana biyu. Ran na uku saƙon Inna ya sake shigowa, tana tambaya ko mun ɓoye mata yaron ne don ba shi da lafiya. Surukina ya zo ya durƙusa ya ce yana neman izini ya kawo mai hoto ta sana'a, mace ce, tana da shago a Adum, jarirai kawai take ɗauka. Da na ji kuɗin sai da na lissafa shi da buhun albasa, na ce yaran zamani ba sa tausayin sidi. Amma na yarda, bisa sharaɗin ina zaune a wurin.

Ta zo ran kwana goma sha ɗaya, ita da wata yarinya mai taya ta. Asante ce, amma ta tashi kusa da Aboabo, tana jin Hausar zango. Kafin ta kwance kaya na sa auta ta nuna mata hoton tagumin, na ce ta faɗa mini gaskiya yadda ake sa ɗan kwana bakwai ya riƙe kansa haka. Ta dube ni ta dubi auta, ta gane abin da ya faru ba sai an faɗa ba. Ta buɗe kwamfutarta ta ce mu matso.

Hoto biyu ne, 'yan'uwa. A na farko hannun babba yana riƙe da saman kan yaron. A na biyu hannun ya koma ƙasa ya tallafe wuyan hannuwan da haɓa. Sai a ɗauki rabin sama na wannan a haɗa da rabin ƙasa na wancan a kwamfuta, a goge hannun. Ba a saki yaron ko na ƙiftawar ido ba. Turawa suna kiran wannan zaman kwaɗo. Shi kuma mai rataye a reshe, ta ce ko dai yana kwance ne a kan katifa aka ɗauka daga sama, ko kuma ana tallafe da shi taƙi ɗaya daga shimfiɗa, daga baya a share shimfiɗar da mai tallafen. Ta ce ita kanta ta daina yin tagumin sai iyaye sun matsa, kuma in yaro ya nuna ba ya so, magana ta ƙare.

Ni ɗan kasuwa ne, nan take na gane zancen. Duk mai sayar da albasa ya san bakin buhu daban, cikinsa daban. Manya masu sheƙi ake jerawa a sama. Ba ha'inci ba ne in ciki ma mai kyau ne, ado ne na ciniki, kuma wanda ya san kasuwa yakan zura hannu ya taɓa ƙasa. Matsalar ita ce auta ba ta san akwai ƙasan buhu ba. Ta ga bakin ta ɗauka haka kayan yake har gindi. Waɗanda ke saka waɗannan hotuna a intanet, kaɗan ne cikinsu ke rubuta cewa haɗi ne. A ganina wannan hakki ne a kansu.

Mai hoton ta ce yayin ya daɗe. Wata mata haifaffiyar Ostareliya, Anne Geddes, ita ta shahara da shi a shekarun 1990, tana sa jarirai cikin tukwanen fure da shigar ƙudan zuma da kabeji. Da ta nuna mini sai na tuna na taɓa ganin irinsu a kalandar bango a shagunan magani, ina mamakin wace irin uwa ce ta ba da ɗanta aka dasa.

Aikin ya ci awa biyu da rabi, kuma rabinsa jira ne. Abin da ta fara yi shi ne wanke hannu da cire zobe da agogo. Ta sa aka kashe fanka. Ta ce a ƙasashen sanyi har na'urar ɗumama ɗaki suke kunnawa don jariri ba ya riƙe zafin jiki kamar babba, mu kuwa Allah ya hutar da mu, rufe ƙofa ya isa. Ta sa aka shayar da shi ya ƙoshi, aka sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, sannan muka zauna har barci ya yi nauyi, wato har ta ɗaga hannunsa ta saki ya faɗi yaraf. Ta ce shi ya sa masu sana'arsu suka fi son mako biyun farko: barcin yana da zurfi, jikin kuma bai manta naɗewar ciki ba.

Fitilar da ta zo da ita ko kunnawa ba ta yi ba. Ta ja katifa kusa da taga, ta rataya farin mayafi a tagar don rana ta yi laushi, ta kwantar da shi yadda hasken zai zo daga wajen kai ya gangaro kan fuska. Ta ce in haske ya zo daga wajen ƙafa, hanci da ido sukan yi inuwa irin ta mai ba da tsoro. Ban taɓa lura ba, amma da ta juya shi ta nuna mini, haka ne.

Naɗi ta fara yi, da zane mai laushi, hannuwa a ƙirji, ba ta matse ƙugu ba. Kowane ɗan lokaci takan zura yatsa biyu tsakanin haɓarsa da ƙirji ta tabbata akwai sarari, takan kuma duba tafin ƙafa da yatsu ko launinsu ya sauya. Da aka zo kan kwando, wanda auta ta ci buri a kai, sai da ta sa wani abu mai nauyi a gindinsa don kada ya kife, ta cika shi da tawul har ya kusa baki, ta ajiye shi a ƙasa ba kan tebur ba. Yarinyarta tana durƙushe, hannunta bai fi taƙi ɗaya daga kan yaron ba, idonta a kansa ba a kan kyamara ba. In za ta ɗauka daga sama, sai ta rataya igiyar kyamarar a wuya. Ta ce kwalba ko duk abin da zai iya fashewa, ko a kyauta ba ta sa jariri a ciki.

Na ce cikin wasa tunda kwando ake so, ga na albasa nan a tsakar gida, a sa shi ya fara koyon sana'ar kakansa. Ta ɗauka da gaske, har idonta ya yi haske. Uwargida ta ce in dai tana raye ba a sa jikanta a kwandon albasa. Abokin nawa dai ya yanke hukunci da kansa, ya tsula fitsari a farin bargon mai hoto, aka tashi.

Kwana uku ta aiko da hotuna goma sha biyu. Tsakani da Allah sun yi kyau. Ga shi cikin kwando da hular saƙa mai kunnen zomo, ga shi a naɗe kamar alkaki, fata sumul kamar an shafa mata man shanu. Mai jego ta yi ta kallo tana murmushi. Muka zaɓi biyar muka tura Galmi ta WhatsApp, muka zauna jiran yabo.

Amsar ta zo bayan isha'i. Na kunna a tsakar gida kowa na ji.

"Wanga ɗan tsana na wa ne? Mi kuka yi mashi? Kun sa shi kwando kamar kaza za a kai kasuwa. An ce mani tattaɓa-kunne, to ina kunnen? Na ga na zomo, ban ga nashi ba."

Aka kwashe da dariya, ni ban yi ba, don na san abin da take nema. Mahaifina yana da kunnuwa masu fitowa waje, irin waɗanda hula ke zama a kansu daram. Ni na gada, ƙannena biyu ba su gada ba. Kuma tsofaffinmu ta bakin kunne suke duba launin da jariri zai yi in ya girma. Hoton kuwa an rufe kunnen, an goge ƙurajen zafin da ke goshi, an ɗan haska fatar. An cire duk abin da tsohuwa za ta kama ta ce wannan namu ne. Ba laifin mai hoto ba ne, abin da aka biya ta ta yi ke nan. Mu ne muka manta wanda ya yi odar kayan.

Daren nan na buɗe akwatina na fito da wani hoto na 1997. Uwar wannan yaron ce tana 'yar wata biyu. A lokacin ba waya. In kana son gida su ga ɗanka, sai ka je shagon mai hoto, ka jira kwana uku a wanke, ka sa a ambulan tare da kaset ɗin da ka yi magana a ciki, ka ba direban da zai koma. Shagon da muka je yana da labule da aka zana jirgin sama da gidan bene. Mai hoton ya ce uwa ta zauna ta riƙe ta. Uwargida, lokacin tana amarya, ta ce sam, ita da 'yar fari a hoto, a kai wa surukai su gani? Ni kuwa ko shagon ban shiga ba, ina bakin ƙofa ina yi kamar rakiya na yi. Da ya rasa dabara sai ya zaunar da ita a kujera ya lulluɓe ta da zane tun daga kai har ƙasa, aka ɗora jaririyar a cinyarta. In ka duba hoton, yarinya ce zaune kan wani tudu mai furanni, amma can ƙasa ga yatsun ƙafa da lalle sun leƙo.

Na taɓa ɗauka mu kaɗai muka yi wannan shirme. Da na nuna wa mai hoton Adum daga baya, ta ce a ƙarni na 19 a Ingila da Amurka haka ake yi, saboda kyamarar lokacin tana buƙatar a tsaya cik na ɗan lokaci, sai a lulluɓe uwa ta riƙe yaro kada ya motsa. Su don na'ura, mu don kunya. Amma dai ko can ko nan, hannu yana nan a ƙarƙashi.

Abin da na gani a hoton a wannan daren, wanda ban gani ba duk shekarun nan, shi ne babu ni. Na duba sauran hotunan akwatin: na sallah, na saukar karatunta, na bikinta. Ba ko ɗaya da muke tare. Ba na zagin al'ada, ita ta raine ni, kuma na san kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, wanda ya yi ta ya san abin da ke ƙarƙashinta. Amma na zauna da hotunan a cinya har aka yi kiran assalatu.

Da hantsi ban fita kasuwa ba. Na kira auta. Tun ranar matashin ba ta sake taɓa yaron ba, ko miƙo mata aka yi sai ta ce hannunta da ruwa. Na ce ta ɗauko wayarta. Ta tsaya tana kallona. Na ce, "Ai kin ga yadda matar nan ta yi. Zo ki ɗauke ni da abokina."

Ita ta kashe fanka, ita ta rataya mayafi a taga. Ta goge idon wayar da gefen hijabinta. Na zauna a tabarma na jingina da bango, na cire hula. Aka cire wa yaron tasa, kai a aske tas tun ranar suna. Na kwantar da shi a hannuna, kansa cikin tafina, yatsuna a bayan wuya. Ta ce in ɗan juya gefe yadda kunnena da nasa za su fito tare. Ta ce ba za ta jawo hoton da yatsa ba, yana ɓata shi, sai ta matso da kanta har na ji numfashinta. Na ce ta cika hoton da fuska, mai kallon ido ɗaya gare ta. Ta ɗauki na kunne shi kaɗai, na tafin ƙafa a cikin hannuna, na goshi da ƙurajensa.

Muna cikin haka mai jego ta shigo da kofin kunun kanwa. Ta tsaya bakin ƙofa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba, "Baba, in shigo?"

Na ce wa bango, "Wuri ai da yawa."

Ta durƙusa gefena. Ba ta taɓa ni ba, ta dai sa yatsa ɗaya a ƙafar ɗanta. Uwargida tana tsakar gida tana cewa duniya ta zo ƙarshe, amma ba ta hana ba.

Waɗannan ba mu sa su a Facebook ba, ba mu sa a ko'ina ba. Na ce wa yaran na kwando ma ya isa haka, bakin mutane ba abin wasa ba ne, kuma yaron zai girma ya tarar da abin da aka baza nasa ba da saninsa ba. Galmi kawai muka tura.

Saƙon Inna ya zo da azahar, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Rabin farko ba magana, sai kukan awaki da muryar ɗan ƙanena yana cewa ta matso da wayar kusa da idon mai kyau. Sannan ta ce, "Shi ne." Ta sake cewa, "Shi ne, wallahi. Har naɗin kunnen." Ta ja hanci. Sai kuma murya ta sauya: "Kai kuma, kai da ɗiyar fari cikin hoto guda? Kumasi ta cinye maka kunya." Ta yi dariya har da tari. "A wanko mani shi babba, waya ba tawa ba ce."

Na kai aka wanke shi, aka sa a gilashi. Na naɗe da kwali da tsohon buhu biyu, na haɗa da goro huhu guda, na damƙa wa direban da ya kawo mini kaya ran da aka haifi yaron. Ya ce zai sa shi bayan kujerarsa. Yau kwanansa shida da tashi, jiya ya kira ni daga kan iyaka yana jiran ayari.